Na ɗora wa kekena inji, wata 8 ke nan ina zirga-zirga tsakanin Maradi da Jiratawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun ranar da na fara fitowa da keken nan mutane ba su barina in wuce, a bakin kasuwa a tsaida ni, a gidan mai a tsaida ni, har a ƙofar masallaci ranar Juma'a sai da wani dattijo ya riƙe mini kan keke yana tambaya nawa ya ci, ina anka saye shi, yana da ƙarko ko babu. To na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ke da niyya ya karanta ya auna da aljihunshi.

Ni a unguwar Zariya nike zaune amma garkarmu tana Jiratawa, zogale da tattasai da ɗan tumatur, kusan kilomita 10 ne zuwa, ga kuma dawowa. Shekara da shekaru da ƙafata nike tuƙa keke, da safe babu laifi amma dawowa da azahar cikin watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke wuce 40, ga buhun zogale a baya, wallahi kafin ka iso gida ka gama aiki, ko abinci ba ka iya ci sai ka kwanta tukuna. Kabu-kabu kullum ba zai yiwu ba, ribar ganyen duk a hanya za ta ƙare. Moto sabo kuma irin su Kasea ko Haojue ya fi ƙarfina a yanzu, tsoho kuwa na ga yadda wani maƙwabcina ke fama da nashi, kullum yana gareji. Shi ya sa da na ga bidiyon injin nan a Facebook hankalina ya tsaya a kanshi.

Wani Alhaji mai kawo kayan moto daga Kano ta Katsina da Jibiya shi na ba saƙo, bayan sati 3 ya kira ni ya ce Malam kayanka sun iso. Jikka 75 na biya har da kuɗin hanya. Kwali guda ne, nauyinshi bai wuce kilo 10 da ɗan wani abu ba, ciki akwai injin kanshi, tanki mai cin lita 2, kabireta, salansa, totur, hannun kuloci, ɗan akwatin wuta da suke ce ma CDI, buji, sarƙa lamba 415, da faifai mai haƙora 44 wanda ake ɗaurawa a ƙafar baya, sai robobi da notuna cikin leda. Ƙirar Sin ne, babu sunan kamfani a jiki.

Abu na farko da nike so ku sani, a kwalin an rubuta 80cc, wato ma'aunin girman cikin injin, amma ba 80 ba ne. Faɗin fistin ɗinshi milimita 47 ne, tafiyarshi sama da ƙasa milimita 38, in ka lissafa 66cc yake bayarwa, kuma kusan duk irin waɗannan injinan haka ake sayar da su da sunan 80. Akwai kuma ƙaninshi mai 49cc. Ba wai 66 ɗin ta kasa ba, ta ishe keke har ta yi mishi yawa ma kamar yadda zan faɗa a gaba, amma kar wani ya ƙara maka kuɗi da sunan wai nashi 80 ne na asali.

Da na buɗe kwalin a tsakar gida Baba na zaune kan tabarma, ya daɗe yana kallo sannan ya ce ai wannan Solex ce ta dawo. Ya ba ni labarin yadda a zamaninsu ma'aikata da malaman lakkwal ke hawan Solex da mobilet. Solex ɗin Faransa ce ta yi ta daga 1946 har 1988, injinta 49cc yana zaune bisa ƙafar gaba yana murza tayar da wani ɗan gangaren dutse, ita babu sarƙar inji sam. Kuma ko kamfanin Honda da muke gani yau da haka ya fara, a 1946 bayan yaƙin duniya Soichiro Honda ya riƙa sayen ƙananan injinan da sojan Japan ke ba rediyo wuta da su yana ɗora wa kekuna. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa sosai, na ce ashe ba wasan yara ba ne, hanya ce da talakawa sunka bi tun da daɗewa.

Ban haɗa ni kaɗai ba. Akwai wani makaniki mai gyaran injin ban ruwa da ƙananan janareto, mutanen Jiratawa da yawa wurinshi suke kai motopom ɗinsu, shi na kai ma. Ya girme ni nesa, Maigida nike ce mishi. Da ya ga keken, tsohon Phoenix ne mai birkin ƙarfe, bai ko dubi injin ba, ƙafar baya ya kama ya girgiza ya ce ƙanena injin nan ba shi ne damuwata ba, ƙafar nan ce. Na ce Maigida a ɗora dai mu gani, in na samu kuɗi sai a canza. Ya ce to, amma ka tuna na faɗa maka. Jikka 7 ya karɓa kuma wuni guda cur munka yi, tun hantsi har anka kira magariba.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne ɗaura faifan nan mai haƙora. Ba a jikin cibiyar ƙafa yake zama ba, a jikin reyo ake matse shi, wato wayoyin ƙafar, roba ɗaya ciki roba ɗaya waje sai noti 9 su ratsa. Dole ya zauna daidai tsakiya, in ya karkace ko kaɗan sarƙa za ta riƙa tsauri a wani gefe tana saki a wani gefe har ta faɗi. Maigida ya kife keken ya riƙa juya ƙafar yana sa alli yana kwance noti yana ɗaurewa, ya fi awa 2 kan wannan kaɗai, ni har na fara ƙosawa amma yanzu na san darajar abin da ya yi don sarƙata ba ta taɓa faɗuwa saboda faifan ba. Duk wanda zai haɗa muku in kun ga ya ɗaure faifan cikin minti 10 ya ce an gama, ku ce ya sake. Mazaunin injin kuma bai yi daidai da kaurin ƙarfen keken ba, wasu huda ƙarfen suke su sa noti, shi ya ƙi, ya ce in ka huda ƙashin keke nan zai tsage wata rana, sai ya je wurin mai walda anka lanƙwasa mishi wani ƙarfe ya rungume shi. Wannan aikin na yaba mishi ƙwarai.

Keken da za a ɗora ma sai mai sanda a sama irin na maza, don injin a cikin kusurwar nan ta tsakiya yake zama, tankin kuma bisa sandar. Na mata ko ƙananan na yara ba su yi.

Maganar mai. Injin nan irin na ƙaramin janareto ne da ake gauraya ma mai, ba shi da wurin zuba man inji daban, a cikin esans ɗin ake zubawa. Takardar da ta zo da shi ta ce a farko kashi 16 na esans kashi 1 na man inji, wato lita guda wajen mililita 60, bayan ya saba sai a rage, ni yanzu mililita 40 nike sa ma lita. Sirinji babba na saya a farmasi nike aunawa da shi, kuma cikin bido nike haɗawa in girgiza kafin in zuba a tanki. Don Allah ku nemi man da anka rubuta 2T a jiki, kar ku sa baƙin man da anka juye daga mota don araha, toshe salansa yake ya cika buji da baƙi. Kuma ranar da ka manta ka zuba esans zalla, injin zai tafi da daɗi na ɗan lokaci sannan fistin ya kame, shi ke nan.

Tada shi kuwa babu kik babu makulli. Ka buɗe mai, ka ja cok in da safe ne, ka matse kuloci ka tuƙa feda kamar keke, in ya ɗau gudu sai ka saki kulocin a hankali ƙafar baya ta juya injin ya kama. Da sanyin Disamba da Janairu sai na yi tuƙi mai ɗan tsawo kafin ya tashi, sauran lokuta kafin in kai bakin layinmu ya kama.

A kan kwalta gaskiya abin daɗi ne. Ni ba na wuce gudun 30 zuwa 35 duk da zai iya kai 40 da ɗoriya, don daga nan karkarwa take yawa har tafin hannu ya yi sanyi. Tafiyar da da nike yin kusan awa guda yanzu minti 20 zuwa 25 ce kuma in isa garka da ƙarfina. Lita guda tana kai ni kwana 2 zuwa da dawowa in ban yi yawon cikin gari ba. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 kun san man kwalba mai araha da munka saba da shi a Maradi ya zama labari, yanzu gidan mai kowa ke zuwa, lita 499 tun ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024, dala ɗari ba tamma guda. Ke nan ni wajen dala 50 nike ƙonawa a wuni, sai ɗan kuɗin 2T. Lokacin ƙarancin man nan na watan Maris 2025 kowa ya ga yadda masu moto sunka riƙa turawa, to irin wannan ranar mai keken inji in tankinshi ya bushe sai ya matse kuloci ya danna ɗan maɓallin da ke riƙe shi ya tuƙa feda ya tafi gida. Akwai nauyi fiye da keke zalla saboda injin da sarƙa ta biyu, amma ana tafiya. Wannan kaɗai a wurina babban abu ne.

Hawan tudu daga fadama zuwa cikin gari, kun san tun ambaliyar 1945 anka maido Maradi bisa tudu, to in da kaya a baya sai na taimaka mishi da feda kaɗan, ba shi da giya, gudu ɗaya ne gare shi. Cikin rairayin unguwanni kuma ba shi da daɗi ko kaɗan, tayar siririya ce tana nutsewa, in ka ƙara totur baya ta riƙa wutsil-wutsil. Nan kashe shi nike in sauka in tura.

Yanzu ga inda nike so a saurare ni da kyau.

Sati na 5 ina dawowa da yamma da buhu biyu a kariya, na shigo gari ina tafiya a hankali, sai na ji ƙara ƙarar-ƙarar ƙafar baya ta kulle. Ashe ɗan gangaren roban nan da ke tsaurara sarƙa, wanda noti biyu kawai ke matse shi a jikin ƙarfen baya, karkarwa ta sassauta shi ya juya ya shiga cikin reyo. Reyo 5 sunka karye nan take, ƙafar ta lanƙwashe. Allah ya taimake ni ba gudu nike ba, ƙafa kawai na sa a ƙasa, amma na daɗe tsaye ina tunanin da a kan hanyar Ɗan Isa ne tirela na bina a baya fa. Washegari na kai ma Maigida, bai ce komai ba game da gargaɗin da ya yi mini, ya dai ce zauna ƙanena. Munka sayi sabuwar ƙafa anka ɗaure ta da reyo masu kauri guda 36, gangaren kuma anka yi mishi mazauni na walda wanda ba zai iya juyawa ba. Jikka 14 ta tafi a nan. Da tun farko na ji maganarshi da kuɗin bai kai haka ba kuma da ban sa raina cikin haɗari ba.

Sai birki. Birkin ƙarfe na tsohon keke an yi shi ne don mutum mai tuƙi da ƙafa, ba don gudun 35 da nauyin inji da kaya ba. Ga hannun hagu yanzu aiki biyu gare shi, kuloci da birki. Kan hanyarmu akwai amalanken shanu, akwai awaki, akwai yara ƴan makaranta, akwai adaidaita da ke tsayawa ba sigina, in ka matsa birki keken ya ci gaba da tafiya me za ka yi. In ƙafa ta jiƙe da ruwa kuwa abin ya fi muni. Ni robobin birki duk wata nike canzawa, kuma na koyi sakin totur tun daga nesa. Abin da ke damuna shi ne samarin da ke tsaida ni, tambayarsu ɗaya ce, gudu nawa yake yi, babu wanda ya taɓa ce mini yaya yake tsayawa. Na ga wani yaro ya ɗora irinshi kan keken da ko birkin gaba babu, da silifa yake taka taya, wallahi har cikin raina na ji tsoro, na tsaida shi na yi mishi magana kamar ƙanena. In kuɗinka iya na inji ne kawai babu na gyaran ƙafa da birki, ka dakata tukuna ka ƙara tari.

Notunan da sunka zo cikin kwalin ƙarfensu laushi gare shi, biyu daga na mazaunin inji sun tsinke a wata na 2, duk munka canza su da na moto aka sa wasa mai lanƙwasa. Kowace Juma'a da safe kafin in yi wanka sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana lamba 10, na inji, na salansa, na tanki, na faifai. Minti 10 ne. Wanda ba zai iya wannan ba gaskiya injin nan ba nashi ba ne.

Ƙura ita ma abokiyar gaba ce. Matatar iskar da ke bayan kabireta ɗan soso ne siriri, a hunturu in ka buɗe bayan kwana 4 sai ka ga ya yi ja wur, kuma duk ƙurar da ta wuce cikin silinda take shiga tana cin ringi, wato zoben fistin. Ina wanke shi da esans in matse in ɗiga mishi man inji kaɗan, Maigida ma ya yanko mini soso mai kauri ya ƙara. Tankin kuma kafin a fara zuba mai a wanke cikinshi, nawa da munka girgiza sai ga ɓarɓashin ƙarfe na fitowa. Ku sa ƴar matatar mai ta moto a tiyo, ba ta da tsada. Buji lokaci-lokaci ku kwance ku duba, in bakinshi ruwan ƙasa ne lafiya lau, in baƙi ne ƙirin mai ya yi yawa, in fari ne fat mai ya yi kaɗan injin na cin wuta, sai a gyara zaman allurar kabireta. Wanda ya zo da injin bai yi wata 2 ba na canza.

Iska ce ke sanyaya shi, babu fanka babu ruwa, don haka ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ke ci in na shiga cunkoso kashe shi nike in koma feda, tsayuwa yana aiki cikin rana ba ta yi mishi kyau. Farar wayar da ke fitowa daga injin wai ta fitila ce amma wutarta ba ta da ƙarfi kuma in ka ɗora mata kwan fitila tana rage wutar buji, ni tocila mai caji na ɗaure a gaba da jar fitila ƙarama a baya. Murfin sarƙa kar ku yar da shi, mu masu sa doguwar riga da wando mai faɗi in sarƙa ta kama bakin riga ba ta saki. Salansa kuma tana zafi, ɗana ƙarami ya taɓa kai hannu bayan na dawo, Allah ya sa uwarshi na kusa ta fizge shi, tun ranar a zaure nike barinshi sai ya huce. Ƙara ma akwai ta, da asuba sai na tura shi har bakin titi kafin in tada saboda maƙwabta. Hular kwano na saya ta hannu, ina sawa ko ana kallona.

Goyo kuwa ba na yi. Mai ɗakina ta ce Malam ka kai ni Tibiri gaisuwa mana tunda yanzu kana da abin hawa, na ce ki yi haƙuri ki hau mota, reyon keke ba zai ɗauki mu biyu da ƙarfin inji ba. Ni kaɗai dai na je Tibirin sau 3, Madarunfa sau 1, na tsaya a hanya ya huta kamar minti 10, lafiya lau na je na dawo.

Kayan gyara shi ne abin da ya rage mini tunani. Buji, tiyo, wayar totur, wayar kuloci duk ana samun na moto da ke shiga. Amma ringi, fistin, CDI da faifan kuloci na wannan injin ne kawai, sai an ba da saƙo Kano a jira. Da za ku saya ku ce a haɗo muku da CDI guda da ringi da gasket tun tafiyar farko, ni ban yi haka ba, da CDI ɗina ya mutu a wata na 6 kwana 12 na yi ina tuƙa feda.

In na haɗa duka, inji da haɗi da ƙafa da notuna da ƙananan abubuwa, na kashe wajen jikka 105 ban da keken da dama nawa ne. Ga mai zuwa garka ko ƙauye na kusa bisa kwalta shi kaɗai da ɗan kaya, wanda kuma hannunshi ba ya ƙyamar baƙin mai, ina ba shi shawara ya saya, ni ya sauƙaƙa mini rayuwa ba kaɗan ba. Ga mai son yin kabu-kabu da shi ko ɗaukar iyali ko bin hanyar rairayi zuwa ƙauyukan daji, a'a, ya ci gaba da tara kuɗin moto. Shi kuma Maigida makaniki aikinshi ba ni da abin cewa sai godiya, Allah ya saka mishi.

Yanzu abin da ke gabana shi ne canza ƙahon gaba gaba ɗaya in sa irin na kekunan zamani mai birkin faifai, na ga wani na hannu a wurin masu kayan keke mun yi ciniki bai faɗa ba tukuna, in na sayar da tattasan wannan zagayen zan koma. Ringi ma an ba da saƙo don na fara jin ƙarfinshi ya ɗan ragu a hawan tudu, Alhaji ya ce sati mai zuwa in sha Allah.